Jiran biza da takardun zama a ƙasashen waje: ina dosiye yake tsayawa, kuma har yaushe?

Da wuya mako ya wuce ba mu samu kira ko saƙon murya a kan maganar takardu ba. Uwa tana tambaya daga Cikal, matar aure daga Bonkuku, ƙane daga Abala, kuma tambayar ɗaya ce: “Ya ce ya aje dosiye tun bara, to yaushe takardun za su fito?” Daga can waje kuma, Abijan ko Paris ko Niyok, masu kira suna roƙonmu mu fahimtar da iyalansu cewa ba ƙarya suke yi ba, jinkirin ba daga gare su yake ba. Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri ɗaya, don wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Abu na farko da za a riƙe: kusan kowace ƙasa tana da wa'adin da doka ta rubuta, tana kuma da lokacin da aikin ke ci a zahiri, kuma su biyun ba su cika haɗuwa ba. Na biyu, ba a fara lissafin wa'adi daga ranar da mutum ya yi niyya, ko ranar da ya biya kuɗɗi. Ana farawa ne daga ranar da ofis ya karɓi dosiye cikakke. Takarda guda ta ɓace a ciki, agogon bai ma tashi ba tukuna.

Jiran yana farawa tun daga gida

Da yawa daga cikin dosiyoyin da ke maƙale a Turai, tushen matsalarsu yana nan ƙasar Kurfai. Dokar Nijar ta 2019 a kan rajistar haihuwa da aure da rasuwa ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwar yaro. Wanda ya wuce wa'adin, sai ya bi ta gidan shari'a a yi mashi hukuncin da ke tsayawa a madadin takardar haihuwa, wanda mutane ke ce ma jijma. Da takardar haihuwa ake samun ta zama ɗan ƙasa, wato nasiyonalite, da su ake yin katin dantite a komisariya, sannan a kai ga fasfo, wanda hukumar ƴan sanda ta DST ke bayarwa a Yamai, tafiyar kilomita wajen 180 daga Filinge. Tsani ne, ba a tsallake mataki.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne rubutun suna da ranar haihuwa. Mutum guda, a takardar haihuwa Mahamadou, a katin dantite Mamadou, a takardar lakkwal Mahamane. Uba a nan Aboubacar, a can Boubacar. A wurinmu duk suna ɗaya ne, har mukan yi dariyar mai tambaya. A idon ma'aikacin ofishin jakadanci kuwa mutum uku ne daban. Haka nan wanda aka rage ma shekaru don ya shiga makaranta, ko dattijon da takardarsa ta ce an haife shi “wajen shekara kaza” babu rana babu wata. Gyaran irin wannan kuskure a gidan shari'a ake yin shi, kuma gara a yi tun kafin a aje dosiye. In an bari sai da ofishin jakadanci ya gano da kansa, ba gyara kaɗai za a nema ba, an riga an sa ma dosiyen alamar shakka.

Aure ma haka. Ɗaurin aure gaban liman da waliyyai da goro aure ne cikakke a addini da al'ada, amma babu ƙasar Turai da za ta ba mace biza a kansa. Sai an rubuta shi a meri an samu takardar aure.

Ƙasashen kurmi

Mafi yawan ƴan biɗarmu ba Turai suke zuwa ba. Kwaddibuwa, Gana, Najeriya, Togo da Benin ne, hanyar da kakanni suka bi tun zamanin zuwa Kumasi a ƙafa. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ita ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ba biza, ya zauna har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun bayyana ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka ƙaddamar da fasfon AES. Tsofaffin fasfo suna nan da ƙarfinsu har wa'adinsu ya cika, ba sai an yi gaggawar canzawa ba. CEDEAO kuma ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku, su bar su suna kai da kawo, har sai an sanar da wani sabon tsari.

Wannan “har sai an sanar” shi ma wani irin jira ne, kuma shi ke hana tsofaffin ƴan biɗa barci, don sun ga jiya. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita. A Janairun 1983 Najeriya ta yi irin haka zamanin Shagari. Kwaddibuwa ta ɗora ma baƙi katin zama tun farkon shekarun 1990, sai a 2007 aka ɗauke ma ƴan CEDEAO shi. Abin da ke sanyaya rai, Nijar tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar masu kuɗɗin sefa, tare da Kwaddibuwa da Togo da Benin da Senegal, ita ma tana da nata tanadin zirga-zirga. Gana da Najeriya ba sa ciki. Shawararmu ga na kurmi: kowa ya yi katin ofishin jakadancin Nijar na ƙasar da yake zaune, ya riƙe dantite mai rai, kada a jira sai an fara kame.

Bizar Turai ta ziyara

Bizar gajeren zama ta ƙasashen Shengen, wadda ba ta wuce kwana 90, dokarta a fili take. Ana iya aje dosiye tun wata 6 kafin tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15 kafin ranar tashi. Ofishin jakadanci yana da kwana 15 ya ba da amsa, yana iya ja har kwana 45 in yana son ƙarin bincike. Kuɗɗin ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 tun watan Yunin 2024, wato kimanin jika 59 na sefa, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 rabin haka. An ba ka ko an hana ka, ba a maido ko dala. Ana kuma neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000.

To ina jinkirin yake, in kwana 15 ne? Yana wajen samun randebu. Kwana 15 ɗin ba sa fara aiki sai ranar da mutum ya tsaya da kansa ya miƙa takardu aka ɗauki hoton yatsunsa, kuma samun wannan ranar a intanet shi ne yaƙin, musamman daga watan Mayu zuwa Satumba, lokacin hutu da tafiyar ɗalibai.

Mu ƴan Nijar muna da ƙarin nauyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai cikin watan Agusta, jakadanta ya bar ƙasar a ƙarshen Satumba, a farkon Janairun 2024 kuma aka rufe ofishin jakadancin gaba ɗaya. Mai biɗar bizar Faransa sai ya tsallaka wata ƙasa. Amma ƙa'idar Shengen ta ce mutum ya aje dosiye a ƙasar da yake zaune, in zai aje a wata ƙasa sai ya kawo dalili, ofishin kuma ya ga dama ya karɓa. Ga kuɗɗin mota, ga na masauki, ga gadar Gaya da Malanbil da ta daɗe a rufe, ga fasfo yana hannunsu duk tsawon binciken. Kada kowa ya kama hanyar Kwatano ko Lome sai randebu yana hannunsa a rubuce, ya kuma tabbata ofishin zai karɓi dosiyen wanda ba mazaunin ƙasar ba.

Kai mata da ɗiya Faransa

Nan ne aka fi samun ɓacin rai tsakanin dangi, don haka bari mu bi shi daki-daki.

Magidanci ba shi da ikon nema sai ya yi wata 18 yana zaune bisa ƙa'ida, da takardar zama mai rai. Yana aje dosiye a hukumar OFII. Ita ke dubawa ko ya cika, in ya cika ta ba shi shaidar ajiya. Daga ranar wannan shaidar ne perefe yake da wata 6 ya yanke hukunci, a ciki magajin garin da mutumin ke zaune yana da wata 2 ya duba girman gidansa da albashinsa na wata 12 da suka wuce. Ku lura, zaman da dosiye ke yi a OFII kafin a ba da shaidar ajiya ba ya cikin wata shidan, kuma sau da yawa nan yake daɗewa.

Akwai abin da mutanenmu ba su cika sani ba. In wata 6 suka cika perefe bai ce uffan ba, a doka shirun nan ƙi ne. Mu nan mun saba shiru alamar yarda ce, a can akasin haka. Ba yana nufin magana ta ƙare ba, don amsa takan zo daga baya, amma daga ranar mutum yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma damar tana da nata wa'adi. Wanda ya kai nan ya nemi lauya ko ƙungiyoyin da ke taimaka ma baƙi kyauta, ya daina zaman jiran sa'a.

Ko perefe ya yarda, saura biza. Ofishin jakadanci yana da ikon riƙe dosiye har wata 4 don ya tantance takardun haihuwa da na aure, ya ƙara wasu 4 in bai gama ba. Tantancewar nan wasiƙa ce ake aikowa merin da ta ba da takardar, a ce a duba littafi a tabbatar. In wasiƙar ta kwanta a kan tebur a nan gida, iyali suna can suna zagin Turawa, alhali amsar tana tafiyar awa guda daga ƙofar gidansu. Dangin da ke gida suna iya zuwa meri su tambaya cikin ladabi ko irin wannan wasiƙa ta iso. Wannan taimako ne na gaske, ya fi kiran talho kullum ana cewa “har yanzu?”

In aka hana biza, ana kai kuka ga hukumar da ke birnin Nantes cikin kwana 30. A haɗa lissafin duka, wata 18 na zama, jiran shaidar ajiya, wata 6 na perefe, wata 4 ko 8 na tantancewa, za a ga shekara uku ba abin mamaki ba ne ko da babu wanda ya yi laifi. Dokar ba ta yarda a kai mace fiye da ɗaya ba, kuma ɗiya sai waɗanda ba su kai shekara 18 ba ranar da aka aje dosiye. Mai yaro ɗan shekara 17 kada ya ce bari sai baɗi.

Amurka

Muna da ƴan uwa da dama a Niyok da Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa. Hanyar Amurka dama can doguwa ce. Ɗan ƙasa da ke neman matarsa ko ƙananan ɗiyansa ko iyayensa ba a ƙayyade masu adadi, amma sauran dangi layi suke bi, don doka ta yanke yawan bizar da ake bayarwa kowace shekara. Layin ɗan'uwa ko ƴar'uwa na ɗan ƙasa ya haura shekara 15. Wanda wansa ya ce mashi “na cika maka takarda”, gaskiya ya faɗa, amma ya ci gaba da nomansa, ya yi aurensa.

Cacar biza da ake ce ma DV tana da gurbi 55,000 a shekara ga duniya duka, kuma fitowar suna ba biza ba ce. Ana zaɓen mutane fiye da yawan guraben, kuma wanda bai samu bizarsa ba har 30 ga Satumba na shekarar cacar, damarsa ta faɗi, ba a ɗaga ta zuwa wata shekara.

A kan wannan kuma sai ƙofa ta ƙara rufewa. A ƙarshen Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum. Ranar 16 ga Disamban 2025 shugaba Trump ya sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da aka hana ma ƴan ƙasarsu shiga, bizar ziyara da ta zama duka, daga 1 ga Janairun 2026. Matakin bai shafi masu katin zama na dindindin ba, ko waɗanda ke riƙe da biza mai rai tun kafin ranar. Duk wanda ya zo maku a halin yanzu ya ce yana da hanyar bizar Amurka, ku riƙe aljihunku.

Na can ciki da suka nemi mafaka suna cikin wani layin daban. Shari'o'in da ke jibge a kotunan shige da fice na Amurka sun haura miliyan 3 tun ƙarshen 2023, shi ya sa ake ba mutum ranar zama bayan shekaru. Dole a nemi mafaka cikin shekara guda da shiga ƙasar. Wanda ya canza gida ya sanar da kotu cikin kwana 5, don in wasiƙa ta je tsohon adireshi bai halarci zama ba, alƙali yana iya yanke hukuncin kora ba ya nan.

Don me bai zo gaisuwa ba?

Wannan tambaya ta raba zumunci a gidaje da dama. Uba ya rasu, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, ɗa bai zo ba, sai kuɗɗi ya aiko. Sai a fara cewa ƙasar Turawa ta cinye shi.

Ga yadda abin yake. Mai neman mafaka da ya fita daga Amurka ba tare da izini ba, ana ɗauka ya janye buƙatarsa, in kuma ƙasar da ya ce ya gudo daga cikinta ya koma, ya rushe hujjarsa da hannunsa. A Faransa, wanda ke neman takardar zama karo na farko ana ba shi resefise, ƴar takardar wucin gadi. Tana kare shi a cikin ƙasa, amma in ya fita da ita ba ta maido shi, sai ya sake neman biza, kuma mun ga yadda neman biza yake. Mai sabuntawa ne kaɗai ke iya tafiya da resefise haɗe da tsohon katinsa. Saboda haka wanda bai zo ba, sau da yawa zaɓi biyu ne a gabansa: ya zo ya yi kwana bakwai ya rasa shekara biyar na wahala, ko ya haɗiye baƙin cikinsa a can shi kaɗai. Ba mu ce kowa mai gaskiya ba ne. Akwai waɗanda suka mayar da “takardu” mafakar gudun nauyi, mata tana zaune shekara da shekaru babu ci babu sutura. Matar da ke cikin wannan hali tana da haƙƙin ta ce a nuna mata hoton shaidar ajiya, mai lamba da kwanan wata. Mai dosiye na gaske ba ya rasa ta.

Takardun da ke mutuwa ana cikin jira

Wani abin haushi shi ne takardu suna tsufa dosiye yana kwance. Kaziye, takardar da ke nuna mutum ba shi da laifi a gaban shari'a, wata 3 ake karɓarta. Fasfonmu shekara 5 ne, ƙasashen Shengen suna so ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar komowa, wasu ƙasashe wata 6. Gwajin likita na Kanada wata 12 yake yi, daidai da wa'adin da ƙasar ta ɗiba ma kanta na dosiyen mata da miji, don haka in aka ɗan makara sai a sake gwaji. Takardar zama ta Faransa ana neman sabunta ta tsakanin wata 4 da wata 2 kafin ta mutu. Ɗaya ce dai ba ta mutuwa: karnen allurar shawara, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura guda ta isa har ƙarshen rai. A adana shi cikin leda.

Kada a yi gaggawar yin kaziye tun ba a kira ba. Kada kuma a sayar da sa ko a jinginar da gona don sayen tikitin jirgi kafin biza ta hau fasfo.

Masu cin kasuwar jira

Duk inda layi ya yi tsawo, ƴan cuku-cuku suna bakin ƙofa. Akwai masu kwashe randebu a intanet su sayar, akwai masu cewa suna da mutum a ciki, akwai masu aiko saƙo ta WhatsApp da Facebook cewa ka ci cacar biza ko an buɗe ɗaukar ma'aikata a Kanada, ka tura jika ɗari a riƙe maka gurbi. Amurka ba ta aika ma kowa saƙo cewa ya ci DV, mutum ke dubawa da kansa da lambar da aka ba shi ranar rajista. In a sibar aka cika maka, ka karɓi lambar nan a hannunka, kada ka bar ta wajen mai kwamfuta.

Mafi haɗari su ne masu “gyara” dosiye da takardar banki ko ta aiki ta jabu. Hoton yatsu yana zama a na'urar Shengen kusan shekara 5, ƙasashen duka suna ganin abu guda. A Amurka, wanda aka kama da ƙarya a neman biza ana iya hana shi har abada. Shi mai gyaran ya ci kuɗɗinsa ya wuce, sunanka ne ke cikin na'ura.

Mu ma ana jira a ƙasarmu

Duk mai zuwa Yamai daga Filinge yana ratsa Hamdallay. A nan aka kafa sansanin da aka riƙa saukar da ƴan gudun hijirar da hukumar HCR ta kwaso daga Libiya, shirin da ya fara a Nuwamban 2017. Yawancinsu ƴan Eritiriya da Sudan da Somaliya da Habasha ne, an kawo su da niyyar zaman ɗan lokaci kafin wata ƙasa ta Turai ko Kanada ta karɓe su, wasu kuma zaman ya kai su shekaru, don guraben da ƙasashen ke bayarwa ba su kai yawan masu jira ba. A Abala kuma ƴan Mali suna tare da mu tun 2012, yaran da aka haifa a sansanin yanzu sun zama samari da ƴan mata. Su ma haihuwarsu ana rubuta ta a littafin meri kamar ta ɗiyanmu, cikin kwana 60 ɗin nan.

Mai tambaya a kan wata ƙasa da ba mu taɓo ba, kamar Aljeriya ko Libiya ko maganar igama a Saudiyya, ya aiko da saƙon murya, ya faɗi ƙasar da irin takardar da ranar da aka aje dosiye. Kada a aiko mana da hoton fasfo ko lambar dosiye, kuma ba za mu ambaci sunan kowa a iska ba sai da izininsa.